Matakala Daidai Ƙafar Kaka

Jikana da ke zuwa Salaga sarin doya ya dawo mini da labari kwanan baya. Ya ce an share abin da ya rage na tsohon gidanmu na Zango, za a zuba shagunan bulo a wurin. Bangayen dama sun daɗe da kwanciya da kansu, ɗakin bene ma ya bi su, amma matakalar tana nan tsaye ita kaɗai a fili, ba ta kai kowa ko'ina, sai awaki da ke hawa su kwanta a kanta da hantsi. Ya ce leburori sun sha wuya kafin ta faɗi, diga na tashi kamar an sari dutse, har ɗayansu yana tambayar wane magini ne ya yi wannan aiki. Yaron yana ba ni labari yana satar kallon fuskata, yana jiran in yi kuka. Ni kuwa dariya ce ta kama ni har tari ya sarƙe ni. Na ce masa, ai da ka gaya musu maginin yana nan Kumasi yana fama da gwiwa, kuma zani yake ɗaurawa.

Salagar da na sani da ƙuruciya ba ita ce ta bakin tsofaffi ba, wadda ayarin fatake ke sauka daga ƙasar Hausa da kanwa da tufafi su juya da goro. Wannan ta watse tun uwata tana goye. Mu kangaye muka tarar da rijiyoyi. Duk inda ka jefa ƙafa rijiya ce, wata da ruwa, wata sai kwaɗi, har iyaye kan hana yara gudu in rana ta faɗi. Amma garin yana da murya. Da asuba za ka ji guga na bugun bakin dutse, sai taɓarya ta karɓa, kuma kirɓin sakwara dabam yake da dakan gero, shi a lallaɓe yake sauka. Sai kukan jakuna, sai mai ƙosai, sai gaisuwa da Gwanjanci da Dagombanci da Hausa duk a bakin rijiya ɗaya, kowa ya amsa da abin da ya zo bakinsa. Yanzu a nan inda nake, in gari ya waye inji nake ji da rediyon maƙwabta, ban san hannun wa ke aiki ba. A da kuwa daga kwance nakan san wace ce ke daka, har in san ko ta kwana da fushi.

Gidan na kakanmu namiji ne, falke ne na goro, ya gina shi lokacin da hannunsa ke da maiƙo. Shi kaɗai ne mai bene a layinmu. Ɗakin Kaka, mahaifiyar uwata, yana ƙasa, a kansa shimfiɗaɗɗen soro, a ƙuryar soron kuma ɗan ɗaki inda maigidan ke ajiye huhun goro yana ganawa da baƙinsa. Matakalar ta tashi daga kusa da zaure ta bi jikin bango ta miƙe tsaye, kowane taki ya kusa kai gwiwar babban mutum. Shi dogo ne mai buje, taku kaɗan ya kai sama. Mace mai zani kuwa ba ta hawa sai ta tattare shi har cinya, kuma a wurin da baƙi maza ke shiga da fita babu wadda za ta yi haka. Ba wanda ya taɓa cewa mata kada su hau, ginin ne ya hana su, kowa kuma ya saba. Kaka ta shigo gidan tana amarya, ta haihu a ciki, ta yi gudun yaƙi ta dawo cikinsa, ta ga an fitar da gawar mijinta, amma ba ta taɓa ganin saman ɗakin da take kwana ba. In ta gama abinci, a gindin matakala take tsayawa ta miƙa akushi sama.

Ni a Bawku na tashi, can aure ya kai uwata, can kuma aka kai ni ɗakin wani mai fataucin shanu. Maƙwabtanmu matan ƙabilar Kusasi ne, su kuwa a wurinsu namiji ya tada bango ya gama nasa, yaɓe da daɓe na mata ne. Tun ina ƴar mitsitsiya nake bin su, uwata tana faɗa wai zan lalata hannu ba mai aurena. A wurinsu na koyi kwaɓa ƙasa da ƙafa, da dafa ɓawon ɗorawa har ruwan ya yi jawur ya zama makuba, wadda in ta sha cikin daɓe ruwan sama sai dai ya zame a kai. Ranin da nake ba da labari, maigidana ya koro shanu zai kai Kumasi, ya biyo da ni ta Yendi ya sauke ni Salaga in zauna da Kaka kafin ya juyo.

Abin da na tarar bai yi mini daɗi ba. Daminar da ta wuce ta cinye tsakiyar matakalar, ta bar guntu a ƙasa da guntu a sama. Tun daga nan ba wanda ya hau ya yaɓe soron ko ya fitar da dattin indararo, ruwa ya riƙa kwanciya a sama yana ratsowa. Rufin ɗakin Kaka ya yi taswira baƙi ƙirin, ta ja gadonta ƙurya, ta jera ƙoƙuna inda yake ɗiga. Ban daɗe da zuwa ba Kawu ya iso daga Yendi, inda yake da shagon yadi. Shi ne ɗanta na fari, don haka ba ta kiran sunansa, ba ta ma yi masa magana kai tsaye, “mutumin Yendi” take ce masa. Ya shiga ɗakin ya zungura azara da sanda, ƙasa ta zubo masa a hula. Ya fito ya durƙusa.

“Inna, ɗakin nan ba zai ga ƙarshen wata damina ba. Na gyara miki ɗaki a Yendi, na kwano, ba ya yoyo. Kafin ruwan farko zan zo in ɗauke ki.”

Kaka ta juyo wurina, alhali yana gabanta. “Gaya wa mutumin Yendi, nan aka kawo ni, daga nan kuma za a fitar da ni.”

“Inna, magina duk sun tafi Tamale da Kumasi, samari suna gonakin koko. Wa zai hau? Ta ina ma zai hau?” Sa'an nan ya ce, “In na dawo na ga an yaɓe soron nan, na bar ki. In ban gani ba, ko kina kuka zan sa ki a mota. Gara ki yi fushi da ni da in zo in tono ki daga ƙarƙashin ƙasa.”

Ban ga laifin Kawu ba, tsoro ne ya sa shi magana, kuma da gaskiyarsa. Amma bayan tafiyarsa Kaka ta daina cin abincin kirki. Ta fara rabon kayanta a hankali, yau tukunya, gobe faifai, kamar mai shirin tafiyar da ba a dawowa. Ranar da na ga ta ɗauko turminta za ta ba maƙwabciyarmu Mma Adisa, wata Bagwanjiya mai sayar da doya, zuciyata ta ƙi. Na karɓe turmin na mayar da shi mazauninsa, na ce, “Kaka, ni zan gyara matakalar.” Ta dube ni sama da ƙasa. “Ke, ƴar Kusasi? Da hannun nan naki kamar tsinken tsire?” Na ce, “Da shi.” Mma Adisa ta ce da irin Hausarta, “Bar shi ya gwada, Kaka. Yarinya nan ido shi ya yi ja.”

Na so in taƙaita wahala da tsani, amma mace ba ta hawa tsani da ƙwaryar laka a ka, kuma soro irin wannan laka mai yawa yake ci. Don haka na ɗauki fartanya na shiga kangon da ke bayan gida, don ƙasar tsohon bango ta fi sabuwa, ta riga ta yi duk tsagewar da za ta yi. Na fasa, na jiƙa, na zuba yankakkiyar ciyawa, na shiga ciki da ƙafa ina tattakawa har ƙwauri, na bar ta ta kwana ta ruɓa tana wari, na sake tattakawa. Na mulmula tubali na jera a rana. Ruwa kuwa daga rijiya nake jawowa da kaina. Maza masu wucewa kan leƙo ta karyayyen bango su ce, “Sannu sarkin magina,” su wuce suna dariya. Nakan amsa musu da “Yauwa” kamar da gaske suke, wannan ya fi ba su haushi.

Na kwashe guntayen da suka rage, amma tabon tsohuwar matakalar yana nan a jikin bango, sai na bi shi. Na tada takun farko da na biyu da na uku yadda suke a da, tsaf-tsaf, har ina jin kaina. Da suka sha iska na kira Kaka ta zo ta ga aikin ƴar Kusasi. Ta zo da sandarta, ta dafa bango, ta ɗaga ƙafa, zani ya riƙe ta. Ta sake ɗagawa, ya sake riƙe ta. Sai ta tsaya tana kallona da wannan murmushi nata na gefen baki.

“Wa kike gina wa? Mai dogayen ƙafafun ai ya daɗe a ƙasa.”

Na ce, “Haka na ga tabon a bango, Kaka.”

“To wa zai hau da lakar? Ba ke ba ce da su Adisa? Ko wando za ku aro?”

Na dubi aikina na dubi zanin da ke jikina. Ni kaina duk hawan da na yi ina gini, a tattare nake yinsa ban lura ba. Ranar na ji haushi ƙwarai, na zauna a kan takun ina huci, Kaka ta kawo mini fura. Da na sha na tashi na rushe su da hannuna.

Washegari na samo karan dawa na ce, “Kaka, ɗaga ƙafarki iyakar inda za ta kai ba ki taɓa zani ba, ba ki kuma yamutsa fuska ba.” Ta ɗaga, na sa kara na karya daidai nan. Na sa ta taka ƙasa mai laushi, na auna sawun na ƙara ɗan yatsa, na karya wani karan. Waɗannan kara biyu su ne duk kayan awona. Sai dai taku in ya gajarce matakala takan yi tsawo, bangon kuwa bai isa ba. Da na ja layi a ƙasa sai ya faɗa kan murhun Kaka. Ta ce, “Ki taɓa komai a gidan nan, ban da duwatsun murhuna.” Na yi ta zagaya wurin har dabara ta zo mini. Na karya matakalar a kusurwa, rabi ta bi wannan bango, rabi ta juya ta bi wancan, a wurin juyawar na bar fili mai faɗi wanda mai kaya za ta tsaya ta gyara gammo. Murhu ya tsira, ni ma na tsira daga bakin Kaka.

Ginin ƙasa ba ya son gaggawa. In ka ɗora jiƙa a kan jiƙa sai ya zauna ya buɗe ciki, dole ka yi kaɗan ka bar wa rana sauran. Ni kuwa lokaci ne ba ni da shi. Zafi ya fara nauyi, gabas ta fara haɗa fuska da la'asar, manoman doya suna ta duban sama suna murna, ni ina duba ina faɗuwar gaba. Hannuna ya tsattsage, Kaka tana shafa mini man kaɗe tana zagina wai na mayar da kaina jaka. Wata rana da yamma iska ta taso da ƙanshin ƙasa, aka fara yayyafi, muka kwashi zana da tabarmi har da shimfiɗar gadon Kaka muka lulluɓe aikin. Tsohuwa tana riƙe da gefen tabarma tana cewa da hadarin, “Wuce, ba a gama ba.” Allah ya taimake mu ya wuce.

Da takun ƙarshe ya haɗu da bakin soro, Mma Adisa ta zaga unguwa ta kira gayya. Matan da suka zo sun fi waɗanda aka kira, wasu aiki ya kawo su, wasu son ganin abin da ake ta faɗa. Muka daka marmara muka shimfiɗa a kowane taki, ina yayyafa makuba suna bi da madaɓi. Wanda bai taɓa jin daɓen gayya ba ba zai gane ba. Katako da yawa ne ke sauka lokaci ɗaya, ƙasa na amsawa a ƙirjinka, wata ta ɗauko waƙa tana tsokanar mijin wata, sauran su karɓa. Yanzu siminti ake zubawa, mutum biyu su shafe su tafi ba wanda ya san an yi. Da daɓen ya kama, ni na fara hawa, da ƙwarya a kaina, zanina a sake har idon sawu. A cikin indararo na tarar da sheƙar tsuntsu da ɗan itacen da ya tsiro ya yi saiwa. Na tumɓuke, na leƙo ƙasa, sai ga mata a jere sun biyo matakala da laka a ka, suna hawa suna hira kamar masu dawowa daga rijiya. Muka cike ramuka, muka karkata yaɓen wajen indararo, muka daɓe, muka shayar da shi makuba har ya yi duhu yana sheƙi.

Kowa a layin ya hau ya ga gari, ban da Kaka mai gidan. In na ce, “Kaka, zo ki hau,” sai ta ce, “Ba yau ba.” Na gane kunyar marigayi take ji, kamar za ta hau ta same shi zaune da baƙi. Na ƙyale ta. Sai ran nan da hantsi Mma Adisa ta shigo daga kasuwa tana haki ta ce motar Yendi ta iso, ta ga Kawu yana sauke kaya. Kaka ta miƙe. Ta shiga ɗaki ta ɗauro saƙinta na sallah, ta ɗauki sanda, ta nufi matakala. Na miƙa hannu ta ture. Ƙafarta ta sauka a takun farko daidai, kamar ta sa takalminta. A wurin juyawa ta zauna ta huta, ta tashi ta ƙarasa. Ta tura ƙofar ɗan ɗakin nan, ba komai ciki sai busassun ganyen goro da warin jemage. Ta ce, “Wannan ne duka? Shekara da shekaru ina miƙo tuwo, ashe akurki nake ciyarwa.” Ta yi dariya har da hawaye, kuma ba duka na dariya ba ne. Na shimfiɗa mata tabarma a bakin soro ta zauna tana kallon masallaci da rumfunan kasuwa da duwatsun murhunta a ƙasa.

Na sauko na tari Kawu. Ya yi sallama ya wuce ɗakinta kai tsaye, ya ga ba kowa, ya fito fuskarsa ta canza. “Ina Inna?” Na nuna masa sama da haɓa. Ya daɗe yana kallon matakalar. Ya hau yana dukan kowane taki da diddige, dogayen ƙafafunsa irin na ubansa suna ta harɗewa, har ya koma haɗa biyu-biyu. A sama ya zagaya soron, ya karɓi buta ya tsiyaya ruwa a tsakiya, ruwan ya gangara ya faɗa indararo ya zubo tsakar gida. Ya tambayi wane magini aka samo. Na nuna masa tafin hannuna. Ya cire hula ya sosa kai ya mayar. Daidai nan iska ta fara kaɗawa daga gabas, ya ce, “Inna, hadari ya taso, ki sauko.”

Kaka ta dube ni. “Gaya wa mutumin Yendi, tun ina amarya nake jiran hawan nan, ban gama kallo ba.” Sai ta yi abin da ban taɓa ganin ta yi ba. Ta juya ta dubi ɗanta a ido, ta buga gefen tabarma da hannu, ta ce, “Zauna, ɗan nan. Nuna mini ta ina Yendin take, in riƙa duba ka daga nan.”

Kawu, babban mutum mai gemu, ya zauna a gefen uwarsa ya miƙa hannu yana nuna mata hanya. Ni na tsaya a wurin juyawa na ji daɗin da ban sake jin irinsa ba, ko ranar da na haifi ɗan fari. Motar ta koma Yendi da yadi da doya, ba ta koma da Kaka ba. Ruwan ya sauko bayan mun shiga ɗaki, muka zauna muna jin indararo na zuba a waje, ƙoƙunan nan a kife. Ta yi shekaru bayan haka tana shanya kuɓewa a soron tana leƙen gidajen mutane, kuma da lokacinta ya yi daga ɗakinta aka fitar da ita, yadda ta ce.

Gidan da nake ciki yanzu shi ma bene ne, na jikan nan nawa. Matakalarsa mai tayil ce, santsi kamar an shafa mata kuɓewa, an gina ta daidai ƙafar wanda ban sani ba. Tun da aka kawo ni ban hau ba, a ƙasa aka ba ni ɗaki, ina jin takunsu a kaina. Da ya gama ba ni labarin leburori na ce masa in ya sake zuwa Salaga ya zo mini da karan dawa guda. Ya ce na mene ne. Na ce zan nuna masa iyakar inda ƙafata ke kaiwa, sauran aikin nasa ne.